Titin da Ya Bi Ta Gidan Gwaggo

Litinin, 1 ga Maris, 1976
Na gama zanen titin, aikin ƙarshe na kwas ɗin da ma'aikata ta turo ni Landan. Daga tashar mota zuwa kasuwar garinmu, miƙe sak. Malamina ya yaba, kuma da zanen za a yi aiki in na koma gida. Ban gaya masa layin ya ratsa tsakar gidan Gwaggo Zinatu ba, wadda ta goye ni. Ai za a ba ta wani wuri.

Asabar, 6 ga Maris
Ruwa ya hana fita. Na tsaya kallon tsohon hoton bugu da mai gidan haya ta rataye a falo, an rubuta 1822 a ƙasansa. Coci, hadari ya haɗu a samansa, tafki, shanu, wata mata tana shanya a ƙofar gidanta. Choji, abokin zamana, ya ce, "Ai cocin da nake zuwa ke nan, bayan wurin tsayawar bas." Na ce ya daina zolayata.

Lahadi, 14 ga Maris
Na raka shi, na jira a waje. Hasumiyar cocin da ke hoton ce, babu ja. Na nemi inda mai zanen ya tsaya, ashe tsakiyar titi ne, bas ta kusa kwashe ni. Ba tafki, ba shanu. Wurin gidan matar motoci ne ke jiran danja. Cocin kaɗai aka kewaye. Ni ma haka na kewaye masallacin Juma'a a zanena, har ina jin na kyauta.

Talata, 16 ga Maris
Choji ya ce wataƙila ma ba a taɓa yin matar ba, mai zane ne ya ƙirƙire ta. Duk da haka.

Juma'a, 19 ga Maris
Ranar da zan taho Gwaggo cewa ta yi, "Maharazu, in ka dawo ka gyara mini indararo kafin damina." Yau abin ya dame ni ƙwarai, ko huɗuba ban ji ba.

Alhamis, 25 ga Maris
Na miƙa zane. Titin ya ɗan lanƙwasa, ya kauce wa gidan Gwaggo. Malam ya ɗaga gira, na ce saboda gangaren ruwa ne. Haka zan gaya wa kowa.

Sabon layin ya ci wasu gidaje a bayan marina. Ban san masu su ba. Na ce wa kaina magana ta ƙare, amma tun azahar na kasa naɗe taswirar.