Tsuntsayenki ko Numfashinki

Zuwa gare ki Malamata, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasa! Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya rasa sukuni. Yaya ƙirjin? Tarin ya lafa? Kina samun barci a gidan Yaya?

Na kira wayarki har yatsana ya gaji, ba ki ɗauka ba. Na je ƙofar gidan, Yaya ta leƙo ta ce, "Kafinta, ka yi haƙuri, ta ce ba ta son ganin mai kyauta da kayan da ba nasa ba." Shi ya sa na ture katako gefe, na share teburin aiki, na ɗauki biro. Na kasa zaune, na kasa tsaye. In na shiga shago sai in ji gida nake so, in na koma gida sai bango ya matse ni. Jiya na yanke ƙafar teburin mutane ta gajarce, na tsaya ina kallonta kamar wani ne ya yanke.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagona, da kwali mai huji-huji a hannu da alli a gefen mayafinki? Kika buɗe kwalin kaɗan, sai ga wasu 'yan mitsi-mitsin tsuntsaye biyu, ruwan ƙasa da fari, sun manne da juna. Kika ce finci ne, mata da miji, kina so in ƙera musu keji. Ni da ban taɓa ƙera ko akurkin kaji ba na ce ai aikina ke nan! Me zan ce, bayan idanunki sun riga sun kwance mini notin kai?

Na ƙera, kika kai gida, suka cika sheƙa da ƙwai, amma ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Na raka ki wurin Baba mai kantin tsuntsaye, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malama, 'yan mata biyu kika ajiye kina jiran jikoki!" Ya ce a wannan irin ba a gane namiji da ido, sai in ya kumbura jiki ya miƙa wuya ya fara rera 'yar waƙarsa yana tsalle a kan sanda. Muka zauna a bencin Baba muna jiran mu ga wanda zai yi waƙa cikin tsuntsayensa mu saya. Ke kina kallon keji, ni ina kallon gefen fuskarki, ina roƙon Allah a raina kada ko ɗaya ya buɗe baki, don zaman ya yi tsawo. Ya ke fitilar raina, akwai yammacin da ya kai wannan daɗi?

Da muka yi aure suka biyo ki, suka yi ta yaɗuwa har suka cinye ƙaramin ɗakinmu. Na ƙera musu sheƙa bila adadin, amma da magariba sai su cusa kansu duka cikin guda ɗaya, wutsiyoyi a waje, wani a kan wani. Kika raɗa musu 'yan zumunci. Ke ce kika koya mini a ware mata da miji a kejinsu in ana son 'ya'ya, don in an bar su a taro kowa sai ya hau kan ƙwan, ba a san mai kwanci ba. Ke ce mai jiƙa gero har ya tsiro, mai daka ɓawon ƙwai, mai yanka dafaffen ƙwai ƙanana-ƙanana saboda masu ciyarwa. Ina jin dariyarki har yanzu idan sun faɗa kwanon wanka sun fantsama miki ruwa a fuska.

Sai tarin nan ya zo. Muka ɗora wa alli laifi, muka ɗora wa sanyi. Kika fara hutawa a tsakiyar matattakalar makaranta, zobenki ya fara zamewa daga yatsa. Ranar da na dawo na same ki durƙushe a ɗakin tsuntsaye, tsintsiya a gefe, leɓɓanki sun sauya launi, kina neman iska kamar kifin da aka jefa kan yashi, wayyo Allah, ranar na san mene ne tsoro! Kina wurin lokacin da likita ya ɗaga hoton ƙirjinki ya ce ƙurar gashinsu da ta busasshen kashinsu ce huhunki ya ƙi, kuma in kika ci gaba da shaƙa, tabon da zai bari ba ya warkewa. Kika ce, "Likita, ko da takunkumi?" Ya girgiza kai. A hanyar gidan Yaya kika riƙe hannuna kika ce, "Kada ka taɓa mini su."

Na taɓa su, Malamata. Ba zan ɓoye ba, kuma ba zan ce na yi nadama ba. Amma ki ji yadda aka yi kafin ki yanke mini hukunci.

Ban rarraba su ga baƙi ba, ban raba zumuncinsu ba. Dukansu suna bayan kantin Baba, cikin babban keji da na ƙera da hannuna, inda rana ke taɓawa da safe, iska ba ta bugawa. Waɗanda suka fi tayar mini da hankali su ne ma'auratan nan masu jarirai, tsirara ba gashi, bakinsu a buɗe kullum. Na ji tsoron in an motsa su iyayen su yi watsi da sheƙar. Ban hau babur ba. Na lulluɓe ƙaramin kejinsu da mayafi, na rungume shi a ƙirji na taka da ƙafa, ina tafiya kamar mai ɗauke da kwanon da ya cika da mai, masu shaguna suna yi mini dariya. Da na ajiye na yaye mayafin, uwar ta yi tsuru, uban ya yi tsuru, ni ma na daina numfashi. Can sai uban ya sauka ya ci gero, ya koma bakin sheƙa ya fara ɗura musu. Baba ya dafa kafaɗata. Ban san ina hawaye ba sai da ya miƙo mini hankici.

Gaban babban kejin gilashi na sa, daga sama har ƙasa. Na tambayi likita, ya ce in kin warware kina iya tsayawa ta waje ki kalle su, muddin ba ki shiga ba. Za ki gan su suna wanka, za ki ga yaran sun yi gashi. Shara da ciyarwa nawa ne, kuma zan sauya tufafi in yi wanka kafin in tako gida.

Ɗakin tsuntsayen na wanke shi tun daga rufi, na cire labule, na yi sabon fenti. Gidan ya yi tsit. Kina tsammani ni ba na kewarsu? Da safe nakan tashi in nufi tulun gero, sai in tuna. Amma shirun tsuntsaye zan iya ɗauka. Naki ne ba zan iya ba. Me zan yi da ɗaki cike da waƙa in babu ke? Wa zai yi mini dariya in na buge yatsa da guduma? Ya ke wata mai haska darena, ya ke ƙoramar da ba na ƙoshi da ruwanta, ki tausaya wa bawan Allah!

Ba na roƙon ki huce yau. Ki riƙe fushinki, kin cancanta. Abu ɗaya nake roƙo: ki sha maganinki, ki warke, ki dawo ɗakinki ki tsaya a tsakar gida ki yi mini faɗa da cikakken numfashi, tun daga farko har ƙarshe, tari bai katse ki ba. Zan tsaya in saurara, ba zan ce uffan ba.

Naki ne ni, a lafiya da ciwo, a fushi da fara'a, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa.

Mijinki,
Kafintanki