Kalma Ɗaya Ta Raba Ni da Malamina

Malam mai shawara, don Allah a taimake ni, mako uku ke nan ina gudun mutumin da na fi ganin girmansa a duniya.

Malam Riskuwa ne ya koya mani karatun boko a ajin manya na Sharabi. Da keke yake zuwa daga Bagudo, ko ana ruwa. Hannuna ya saba da fartanya, shi ya riƙe shi har na iya rubuta sunana. Yanzu da mulkin kai ya zo ana neman malamin duba shanu a kan iyakar ƙasar Dahome, sai na roƙe shi takardar shaida. Ya rubuto da Turanci, ni kuwa Turancina bai taka kara ya karya ba. Amma na gane kalma ɗaya, consider. Wannan kalma na san ta. Sau biyu ina neman aiki akawu yana ce mani za a yi konsida, har yau shiru. Ashe Malam ma sallamata ya yi cikin ladabi? Wallahi na ji zafi. Ban kai takardar ba, ga shi ƙarshen wata za a rufe karɓa. Ga layin na kwafo maka harafi-harafi: I consider him the most patient pupil I have taught.

Mai Fartanya, Sharabi

Ɗan'uwa Mai Fartanya,

Ban ga laifinka duka ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma kalmar nan fuska biyu gare ta. Asalinta a tsaya a auna abu da kyau. In akawu ya ce we shall consider, nufinsa za a duba, tukuna ba a yanke ba, kuma wasu na fakewa da ita su kori mutum. In kuwa mutum ya ce I consider him kaza, ya riga ya auna ya gama, hukuncinsa yake faɗi.

Abin da Malam Riskuwa ya rubuta shi ne, a ganinsa kai ne ɗalibi mafi haƙuri da ya taɓa koyarwa. Malamin da ke auna maganarsa haka ba a samunsa ko'ina, na yi maka murna da shi.

Ka kai takardar nan gobe da safe. In ka fito, ka sayi goro ka wuce gidansa ka gaya masa gaskiya. Ya shaide ka da haƙuri, kada ka ƙaryata shi. Allah Ya ba ka aikin, Ya bar ku tare.