Babin da Kike Ƙin Karantawa

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farko a kan ƙasa mai ƙishi, mai gyaran wayoyin jama'a, mai rikita zuciyar kafinta,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa.

Tauraruwata, kin san karatuna tafiyar hawainiya ce. Shi ya sa ba ni da ranar farin ciki kamar yammacin da za ki rufe shagonki, ki zo ki zauna a bencin da ban gama ba, kina karanta mini littattafan labari. Muryar nan taki kuwa! Ko kanari ya ji sai kunya ta rufe masa baki. Garin katako na sauka a mayafinki kamar yayyafi, ni kuma ina ta goge ƙafar kujera ɗaya har ta kusa zama tsinke.

Amma idon kafinta ba ya tsallake tsaga. Na lura duk littafin da muka ɗauka, da an zo babin ƙarshe sai ki rufe, wai maƙogwaronki ya bushe. Sai na ari guda, na bi shi da yatsa a hankali, na gano dalili. Yarinyar nan mai ɗinki ta cikin littafin, da muka sha wuya tare da ita har ta tsaya da ƙafarta, ana ɗaura aure ta sayar da kekenta, marubucin kuma ya ce wai ta huta. Hutu? Wa ya gaya masa ta gaji?

Na san abin da gwaggonninki ke faɗa, wai mace mai sukudireba a hannu ba ta zaman aure. Yanzu na gane abin da ya sa da na ambaci turo magabatana sai ki hau duba agogo. Tsoro kike kada ni ma in zame miki irin wannan babin.

Haba, farin watana! Wa ke son tsuntsu don kukansa, sannan ya ɗaure masa baki? Ai a bayan teburin shagonki na fara ganinki, kin haɗe gira, kin ciji leɓe, kina yi wa wata waya faɗa kamar ƙanwarki. Wannan ce ta hana ni barci. In kin ajiye kayan aikinki, to wa zan aura?

Ga alkawarina: shagonki yana nan, makullinsa a jakarki. Har Inna na faɗa wa. Nan take ta miƙe, ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar wayarta da ta daina magana tun bara, ta ce in dai surukar tata ta tashe ta, ita da kanta za ta riƙa kai mata abincin rana shago.

Wayar tana aljihuna, gobe zan kawo miki. Don Allah ki gyara ta, rabin raina, domin da ita Inna take so ta kira kawunnaina su sa ranar zuwa gidanku.

Naki shi kaɗai, har furfura ta cika kanmu,
Kafintanki