Hayaƙin Gidan Kawu Lojze

Zuwa ga ƙanena Bojan,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Marjeta da yara. Allah ya ƙara muku lafiya a wannan sanyi na Kanada. Mu ma lafiya, sai gwiwata da ta ƙi jin magani. Na gaya maka rasuwar Kawu Lojze ta waya, amma na ɓoye maka yadda aka yi, kuma abin ya hana ni sukuni.

Ka san ni da shisshigi. Da kaka na bi gida-gida na haɗa maƙwabta mu sayi pelet tare, ƙwayoyin garin katakon nan da ake ɗumama gida da su, don mai tanka ba ya hawo dutsenmu sai an cika masa mota. Gida goma sha ɗaya suka yarda, saura ɗaya. Sai na tasa Kawu a gaba. Ya ce shekara tamanin yana faskare, ba zai koma ƙona abincin zomo ba. Cvetka, maƙwabciyarsa, ta ce masa tsoho mai taurin kai, in gatari ya sare masa ƙafa kada ya kira ta. Na yi ta naci har ya gaji ya sa hannu. Aka kafa masa sabon murhu a ɗakin ƙasa, irin wanda ke ɗebo ƙwayar da kansa yana zuba wa wuta. Mai tanka ya zo ya hura masa tan uku ta bututu, ko cikin gidan bai shiga ba. Ranar har da yin alfahari na yi.

Ka tuna yadda Mama ke yi kowace safiya, ta ɗaga labule ta duba bututun hayaƙin kowa kafin ta ɗora kofi. In hayaƙi na tashi, mai gidan ya tashi lafiya. Haka duk muke yi har yau. A Janairu dusar ƙanƙara ta rufe hanya, gwiwata ta hana ni hawa, amma kullum ina ganin siririn farin hayaƙi a kan rufin Kawu, in ce madalla. Cvetka ma haka. Ko da bai zo coci ba, Fada ya ce ai ga hayaƙinsa can, sanyi ne ya riƙe shi.

Na hau ne don ya sa hannu a sayen zagaye na biyu. Tun daga shinge na ga babu sawun ƙafa ko ɗaya a ƙofarsa. Na tura ƙofa, ɗumi ya buge ni, da wani wari da ba zan kwatanta maka ba. Yana zaune a kujerarsa da hula a kai. Kalandar da yake yage wa shafi kullum ta tsaya kwana tara baya. Ina tsaye sai na ji motsi a ƙarƙashin ƙafata, shaaa, kamar ana watsa wa kaji tsaba. Murhun ne ke ciyar da kansa.

Bojan, da itace yake ƙonawa, da ranar farko mun sani. Likita ta ce mai yiwuwa bai cika nan take ba. Ni na kai masa wannan abu gida, kuma ina jin nauyinsa a ƙirjina. An bar murhun a kunne kada bututun ruwa ya daskare, kullum da safe ina ganin hayaƙin, zuciyata ta ce Kawu ya tashi, kafin in tuna.

Ga roƙona. Ka riƙa kirana kowace Lahadi da Laraba, in ban ɗauka ba ka kira Cvetka ta zo ta buɗe ƙofa. Ni kaɗai ce a gidan nan, kuma rumbun pelet ɗina cike yake, murhuna zai kai Afrilu yana hayaƙi ko ina nan ko ba na nan.

Ka gaida Marjeta, da Tjaša da Rok. Cvetka na gaishe ka.

Yayarka,
Zdenka