Kurumtar Hafiz ba daga Gwaram ta zo ba

Sundimina, Birnin Kudu.

Zuwa ga ɗana Abdulnasir, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya. Mu nan ƙalau muke, an gama yankan gero, ƙafar Innarka ma ta yi sauƙi. Ƙanwarka Batulu ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma hana ta gyara min magana.

Saƙonka ya iso, wai a ce wa matarka Ummussalma ta tattara ta koma gidansu Gwaram, don kurumtar ɗanku Hafiz daga jininsu take. Ba inda za ta je da cikin wata huɗu. Ban yi boko ba, amma duk haihuwar da aka yi a garin nan tun zamanin jangali tana kaina. Na zauna na lissafo kurame tara a gidaje bakwai, ba wanda uwarsa ta fito daga Gwaram. Na farkonsu Yahuza ne, ƙanena ciki ɗaya, wanda ya rasu kafin a haife ka. In jini ne, ni za ka fara kora.

Ranar Laraba na raka Ummussalma asibiti awon ciki. Wata likita ta ce akwai ƙwayar cuta a yawu da fitsarin ƙananan yara, tana kama mai ciki ba ta sani ba, sai ta taɓa kunnen jaririn. Ba ta rantse cewa wannan cutar ce ta sami Hafiz ba. Na tambayi allurar rigakafi, ta ce har yanzu nemanta ake, shi ya sa suke son masu ciki su yarda a riƙa duba jininsu. Ta ce kafin nan mai ciki ta daina shan ragowar kunun yaro da lasar ludayinsa. Ka san matan gidan nan ba sa bari a zubar. To yanzu ragowar Hafiz ni ke shanyewa, Innarka na ta dariya wai an mayar da ni ɗan yaye.

Ummussalma ta ce tana so a sa sunanta cikin masu ba da jinin, ko da wannan cikin ba zai amfana ba, amma ba za ta dangwala hannu ba sai da yardarka. Ka kira ta da bakinka kafin Laraba mai zuwa, ka ba ta haƙuri, ka ce ta je asibitin ta dangwala. In ka ƙi, gida nawa ne. Tana nan zaune, kai ne za ka nemi masauki ran da ka zo.

Ka gai da Isma'ila da mai ɗakinsa Kubra. Innarka da Batulu suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Malam Hadi.