Gogen Kaka Ladan

Upper Marlboro, Maryland
12 ga Afrilu, 2012

Zuwa ga Goggo Furera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Mu nan duk lafiya lau.

Goggo, zan faɗa miki abin da ko Mama ban faɗa wa ba. Wata biyu ke nan ina saɗaɗawa ɗakin ƙasa, ina buɗe akwatin Baba, ina ɗauko gogen Kaka.

Wasu makaɗa biyu ne suke zuwa makarantarmu duk Laraba, Malama Olive da mijinta Desmond. Tsohon kiɗan Turawa suke yi, na wajen shekara ɗari bakwai baya, da irin kayan wancan zamanin. Shi yana kaɗa wani abu kamar garaya mai ƙaton ciki, ita kuma tana goga wani ɗan ƙarami a kan gwiwarta. Ranar farko da ta ja baka, nan take na gane muryar. Muryar gogen Kaka ce da nake ji a zauren Funtuwa ina ƙarama. Ni da ko hannu ba na ɗagawa a aji, sai ga ni a gabanta bayan an tashi. Na ga tana shafa wa bakan ƙaro, na ce Kaka ma haka yake yi, sai dai tsirkiyarsa ta wutsiyar doki ce. Ta zauna tana ta yi min tambayoyi kamar ni ce malamar.

Yanzu sun ce in kawo gogen wajen wasan da za su yi a laburaren garin Wheaton ran Asabar, in ja ɗan taken da na koya wa kaina, su bi ni da nasu.

Na nemi izinin Baba. Ya ce kar in kuskura. Shi likita ne, kuma mutanenmu na nan duk a matsayin manomi suka san mahaifinsa. Wai da an ji goge za a ce bori, a ce mana jinin maroƙa. Goggo, kin fi ni sani, da gogen nan Kaka ya rene ku. Su Malama Olive daga tsofaffin takardu suke tono kiɗan mutanen da ko sunansu ba a sani ba. Namu ko shekara biyar bai yi da rasuwa ba, an cusa kayansa ƙarƙashin barguna.

Ban yi wa Baba musu ba, kin san ba na iyawa. Amma da Malama Olive ta ce in rubuta sunan mai gogen don takardar da za a raba wa masu kallo, na rubuta Ladan Mai Goge, Funtuwa. A ƙasa na sa sunana cikakke, har da na Baba. Jiya aka buga. Yau da safe na ajiye masa guda ɗaya kusa da makullin motarsa. Ko ya kai ni ko bai kai ni ba, na riga na san bas da jirgin ƙasan da zan hau.

Ki gaishe min da su Hasiya. Ki sa ni a addu'a ran Asabar.

Taki 'yarki,
Tayyiba