Na sa malamar 'yata ta ce mata ba ta isa riƙe babban ƙaho ba

Daga wata 'yar'uwa a Dubai, ta roƙi a ɓoye sunanta.

Assalamu alaikum 'yan'uwa, Admin sannu da ƙoƙari. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ina rubutawa ina gogewa.

Ni matar aure ce 'yar Kano, shekararmu tara a Dubai, maigidana yana aiki da wani kamfanin jigilar kaya a Jebel Ali, muna zaune a wani ɗan ƙaramin fulat wajen Warsan. Ni da shi duk AS ne, lokacin aurenmu ba a damu da gwaji ba. Ɗanmu na fari sikila ne, ya rasu yana da shekara shida tun muna gida. Ta biyun, wadda zan kira Nana, ita ma sikila ce, shekararta goma sha huɗu, kuma ita kaɗai ta rage mana.

Duk wanda ya raini mai sikila ya san yawancin rainon hani ne. Kar ki shiga ruwa, kar ki yi gudu, matsa daga gaban esi, ina rigar sanyinki. Ranar wasanni a makarantarsu a benci take wuni da gorar ruwa a hannu tana kallon 'yan ajinsu. Tana shekara goma malamar kiɗa ta makarantar, wata dattijuwar Baturiya, ta ba ta aron wani abin busa na tagulla, a nannaɗe yake kamar dodon-koɗi da faffaɗan baki, French horn ake ce masa, mu dai a gida ƙaho muke cewa. Na san wasu za su fara da me ya kai 'yar Musulmi busa, don Allah ku ajiye wannan a gefe, mun gama wannan muhawarar da danginmu tuntuni, ba ita ta kawo ni ba.

Wallahi ƙahon nan ya sauya min yarinya. Nana da ba ta da ƙawa ko ɗaya sai ga ta tana dawowa da labari, tana cin abinci ba sai an roƙe ta ba. Akwai wata Asabar da muka je Hatta shan iska, ta dage sai da ƙahon, ta tsaya can gefen dam ta busa, duwatsun suka maido da sautin, wasu Larabawa da ke shan shayi suka tafa mata. Abbanta ya juya baya wai yana neman wani abu a but ɗin mota, ni na san hawaye yake ɓoyewa.

Ƙahon iri biyu ne. Akwai singil, mai bututu ɗaya, mara nauyi, shi ake ba masu koyo, shi Nana take riƙe da shi shekara huɗu. Akwai dabul, bututu biyu ne a haɗe da ƙarin maɓalli na babban yatsa, da shi ake kama sautin sama ba tare da ya fashe ba, amma ya fi nauyi, kuma hannun hagu ne ke ɗaukar yawancin nauyin. Farkon zangon nan malamar ta kira ni ta ce Nana ta wuce singil, ƙahon ne yanzu yake riƙe ta, kuma za a zaɓi yara daga makarantu daban-daban a haɗa babbar ƙungiya, tana so ta saka sunanta, amma sai da dabul. A cikin wancan watan dai muka je asibiti aka yi mata hoton kafaɗa saboda ta ɗan fara ƙorafi. Likitan ya bari ta fita wajen nas, sannan ya nuna mana hoton, ya ce jini ba ya isa kan ƙashin kafaɗarta ta hagu yadda ya kamata, ƙashin ya fara lalacewa, a kiyaye ta da riƙe abu mai nauyi na dogon lokaci. Ita ba ta sani ba, ta ɗauka irin ciwon da ta saba ne.

Mun yi ta kai ruwa rana da Abbanta. Ya ce ba dabul, kuma ba za a gaya mata maganar ƙashin ba, don da ta shiga damuwa ciwon yake tashi, shi ba zai sake binne ɗa ba. Na ce to me za mu ce mata, ta san ba rashin hali ba ne, ya ce in san yadda zan yi. A nan na yi abin da yake cin raina. Na je na samu malamar, na gaya mata komai, na roƙe ta ta ce wa Nana ba ta kai ba tukuna, ta ƙara shekara a kan singil. Matar nan ta daɗe tana kallona, ta ce ba ta taɓa yi wa ɗalibi haka ba, na yi ta kuka har ta yarda.

Na ɗauka Nana za ta yi fushi na kwana biyu ta haƙura. Ranar da malamar ta gaya mata, ta dawo ta ci abincinta, ta shiga ɗaki. Daga ranar awa ɗaya da take yi tana gwaji ta koma uku. Ina kicin ina jin ta tana maimaita wuri ɗaya, ta hau sama sautin ya fashe, ta dawo ta sake, ya fashe, har maƙwabcinmu Ba'indiye ya ƙwanƙwasa ya ce shwayya shwayya, wato a sassauta. Ni kuwa na san ba laifinta ba ne, malamar ta gaya min wurin nan ko babba sai ya sha wuya da singil. Wata yarinya da ta fara koyo bayanta aka saya mata dabul aka sa sunanta, Nana da kanta ta taya ta murna. Daga baya na tsinci fankon maganin ciwo a aljihun jakar ƙahon, ashe sha take a ɓoye don ta iya ɗaga hannun. Abin da na yi don in hutar da kafaɗar, shi ya ninka mata aiki.

Sati uku da suka wuce ciwon ya tashi, kwananmu biyar a asibiti. Rana ta huɗu bayan la'asar ina ba ta kunu a baki, ta kawar da kai ta ce, "Mama, ki yafe min." Na ce da kika yi me? Ta ce, "Shekara huɗu kuna kai ni kuna ɗauko ni, ashe ban iya ba. Ni na ɗauka akwai abu ɗaya da jikin nan ya bar ni na iya." Na buɗe baki in gaya mata, na ga Abbanta a bakin ƙofa yana girgiza min kai, na ci gaba da juya kunun.

Tun da muka dawo ba ta taɓa ƙahon ba, yana ƙarƙashin gado. Ta koma Nanar da, daga makaranta sai ɗaki. Shekaranjiya malamar ta kira ni, ta ce ita ba za ta iya ci gaba da kallon yarinyar a haka ba, ko in gaya mata gaskiya ko ita ta faɗa, kuma ƙarshen wata za a rufe karɓar sunaye. Ta ce akwai dabul da bai kai sauran nauyi ba, akwai kuma wani ƙarfe da ake tokare shi a cinya ya rage wa hannu aiki, amma ba za ta ce min ba zai taɓa kafaɗar ba. Na koma wajen likita, shi ma bai ba ni tabbas ba, ya ce hutu ya fi, amma ba zai ce a raba ta da abin da take so ba. Abbanta kuwa ya ce khalas, magana ta ƙare, tunda da kanta ta ajiye, Allah ne ya kawo mana sauƙi, kar in kuskura in tayar da maganar. Ban taɓa saɓa masa a kan lafiyar yarinyar nan ba, kuma na san tsoron da ke ransa, nima shi ne a raina.

To 'yan'uwa, musamman iyayen masu sikila da ku da kuke ɗauke da ciwon, ya zan yi? In bi maganar mijina in yi shiru, kafaɗar ta huta, ita kuma ta girma tana ganin ba ta iya komai ba? Ko in gaya mata maganar ƙashin, ta ci gaba da singil tana sane cewa jikinta ne ya sake tare mata hanya? Ko in sayi dabul ɗin in bar ta ta zaɓa, alhali shekararta goma sha huɗu, in hannun ya lalace ni ce na miƙa mata? Kuma ko wanne na ɗauka, sai ta san uwarta ce ta je har makaranta ta roƙa a ce mata ba ta iya ba. Yau da safe ina shara na jawo jakar ƙahon na tambaye ta ko in goge mata ƙurar, ta ce in mayar makaranta a ba wanda ya iya. In ku ne, da wace kalma za ku fara yi mata bayani?